Sakatar Bindigar Surukina

Shekarar da masu dakon da aka ɗiba zuwa yaƙin Kamaru suka fara dawowa gida, damina biyu kafin babbar murar nan da ta bi gari-gari tana kwasar mutane, a shekarar ne bindigar surukina ta shigo hannuna. Ina rubuta wannan a cikin tsufana, da alƙalamin kara, kamar yadda aka koya mini a zauren mahaifina a Limawa, don 'ya'yana su san abin da ya raba ni da maƙera. Sun sha tambayata, ina ce musu ciwon baya ne.

Mahaifina malami ne, mahaifiyata kuwa 'yar gidan maƙera ce. Yayanta, wanda nake kira Kawu, ya yi shekaru a Kano yana gyaran bindigogi a gefen barikin soja, daga baya ya dawo Dutse da akwatin kayan aiki da tari a ƙirji. 'Ya'yansa maza ba su rayu ba, idonsa kuma ya fara hazo. Sai ya zo ya roƙi mahaifina aron nawa idon. Ya ce wanda ya iya bambance ɗigon ba da na nun a tsohuwar takardar da ta sha hayaƙi, ba zai kasa ganin tsaga a jikin ƙarfe ba. A lokacin na riga na sauke, har na yi aure. Da safe ina zaure ina rubutu, daga hantsi zuwa la'asar ina maƙera.

Yawancin abin da ake kawo mana bindigogin toka ne na maharba, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Amma jefi-jefi akan shigo da ta soja a ɓoye, a cikin damin kara ko a naɗe cikin tabarma, domin Turawa sun hana talaka riƙe irinta. Ita ta soja ta baya ake ciyar da ita. Tana da wani dogon ƙarfe mai mariƙi, mu muna ce masa sakata, don yadda yake aiki kamar sakatar ƙofa: ka ja shi baya, ka sa harsashi, ka tura gaba, ka murɗa ƙasa. A kan sakatar nan akwai haƙora biyu gajeru. Idan ka murɗa, sai su faɗa cikin gurbinsu su tokare. Kawu ya kama yatsana ya ɗora a kansu ranar da ya fara nuna mini, ya ce duk ƙarfin wutar da ke tura harsashi gaba, daidai da shi ne yake turo sakata baya, kuma babu abin da ke tsakanin wutar nan da fuskar mai harbi sai waɗannan biyun.

Haƙoran sukan ci, wato su zaizaye. Ba a rana ɗaya ba, a hankali, harbi bayan harbi, har sakatar ta riƙa ja baya kamar kaurin gashi. Ido ba ya ganin wannan, hannu ma ba kowane ba. Kawu ba ya yanke wa bindiga hukunci sai ya ji daga bakin shaidu, haka yake faɗa, yana tsokanata da maganar alƙalai. Na farko kwanson harsashin da aka riga aka harba. Na biyu tozali. Takarda kuwa ni na shigo da ita, ya gwada ya ga ta yi, ya karɓa. Dokarsa ɗaya ce a kan wannan, ya kuwa maimaita mini ita har a ciwon ajalinsa: bindigar da haƙorinta ya ci, a mayar wa mai ita da itacensa da bututunsa, amma sakata ba ta fita daga maƙera, ko mai ita wane ne. Ya rasu da rani, wata huɗu kafin abin da zan faɗa. Allah ya jiƙansa.

Matata Bafulatana ce. Mahaifinta yana da ruga a hanyar Jahun, tafiyar rabin yini daga Dutse, a gindin wasu duwatsu. Ya ba ni ita ne saboda girman mahaifina. Dattijo ne dogo, mai ƙarancin magana, muna ce masa Baffa. A shekara ukun da na yi da 'yarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci inda yake ba, in na hango shi a hanya nakan cire takalmi in ratse in durƙusa. Maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa ba. Haka aka san suruki da surukinsa, ban kuma taɓa jin nauyin hakan ba.

Ƙanin matata kuwa wani abu ne daban. Na girme shi da shekara biyar ko shida. Abokin wasana ne ta fuska biyu, ga shi ƙanin mata, ga shi Bafulatani ni kuma jikan maƙera. Tun da muka san juna bai taɓa kirana da wani suna ba sai Kaɗo, ni kuma ina ce masa Fillo. Yana da ido irin wanda ban taɓa gani ba. Daga kan dutse yakan ƙirga shanu a fadama, ya gaya maka wacce ke ɗingishi.

Shi ya kawo bindigar, a bayan jaki, cikin damin kara. Baffa ya ba da bijimi ya karɓe ta a wajen wani da ya dawo daga Kamaru, tare da harsashi kaɗan a cikin jakar fata. Ta Jamus ce, kuma tun kafin ta bar can ta riga ta tsufa. Damisa ce ta addabe su a duwatsun, ta ɗauke maruƙa uku.

"Kaɗo, ajiye alƙalamin nan ka zo ka ga abin maza," in ji shi tun daga bakin ƙofa.

"Abin maza a hannun mai tatsar nono? Wa ka sata wa?"

"Ka wanke hannu kafin ka taɓa ta. Ta fi duk abin da ka mallaka daraja, har da kai."

Na tambaye shi me ke damunta. Ya ce in an harba sakatar takan cije, sai an buga mariƙin da tafin hannu take buɗewa. Ya ce kuma harbin ƙarshe da ya yi wani ɗan hayaƙi ya huro masa a fuska, idonsa ya yi ta ruwa har yamma. Yana faɗa yana dariya. Ni da na ji maganar hayaƙin ban yi dariya ba. Na ce ya ba ni kwanson da ya harba. Yana da su guda uku, domin ba sa yar da tagulla.

Na fita da su hasken rana. Kowanne yana da wani siririn zobe mai haske kusa da gindinsa, kamar an zana da allura. Na lanƙwasa bakin siririn ƙarfe na zura ciki ina shafa bangon kwanson, daidai wurin zoben sai ƙarfen ya faɗa wani ɗan kwari. Tagullar ta miƙe ke nan ta yi siriri, domin ta samu wurin ja baya. Wannan shaida ɗaya.

Na zare sakatar na wanke ta, na kwaɓa tozalin matata da ɗan man shanu, na shafa a bayan haƙoran biyu. Na mayar na murɗa, na zura sanda ta bakin bututu na danna sakatar baya da ƙarfi, kamar yadda wuta za ta yi, na ɗan motsa mariƙin, sa'an nan na buɗe. A bindiga mai lafiya tozalin yakan goge a haƙoran biyu daidai wa daida. A wannan, haƙori ɗaya tozalinsa yana nan baƙi ƙirin, babu abin da ya taɓa shi. Ɗayan ya goge a gefe guda kawai. Shi kaɗai yake ɗaukar kayan biyu, Allah ne ya san tun yaushe. Na share shi da gefen riga na ɗaga sama, sai na ga tozalin ya maƙale a wani layi siriri a gindin haƙorin, ya ƙi fita. Tsaga ce.

Da ma wannan ya isa. Amma na ɗauko gafakata, na yanko gefen wata takarda da ba a yi rubutu a kanta ba, domin ba a sa harafi a cikin bindiga, na yanka ƙanana daidai gindin kwanso, na riƙa liƙa su da ƙaro a gindin kwanson ɗaya bisa ɗaya, ina sa shi a bindigar ina gwada rufe sakatar. Kawu yakan ce in sakata ta rufe a kan biyu babu laifi. Wannan ta rufe a kan uku, ta rufe a kan huɗu, ta rufe a kan biyar ba tare da na matsa mata ba.

Duk wannan Fillo yana zaune a kan turmi yana cin dabinon da ya ɗiba a kwanona.

"Ka sa mata kwalli, saura ka sa mata lalle," in ji shi. "Aure za ka yi mata?"

Na ce, "Fillo, bindigar nan ta mutu."

"Allah ya jiƙanta. Wa zai gaje ta, kai?"

"Haƙorinta ya tsage. Zo ka gani."

Ya zo ya duba, ya gani kuwa, domin idonsa ya fi nawa. Ya ce wannan ai ƙwarzane ne, ko a ƙahon saniya akwai irinsa. Ya ce tun kakanni an san maƙeri in ya ga ƙarfe mai kyau sai ya ce ya mutu, don ya binne shi a ɗakinsa. A nan ne na yi kuskurena na farko. Ya kamata in ɗaure fuska, in kama hannunsa, in yi masa magana irin wadda ban taɓa yi masa ba. Sai bakina ya bi hanyar da ya saba. Na ce ai ko na sace ban kai Fulani ba, da ke kiwo a gonar mutane su ce saniya ce ta ɓata. Ya ƙyalƙyale, ni ma na yi dariya. Da wannan dariyar maganata ta zama wasa kamar sauran maganganunmu.

Duk da haka na bi dokar Kawu. Na naɗe masa itacen da bututun, na jefa sakatar a akwati na rufe. Ya tafi yana waiwaye yana cewa zai kai ƙarar ɓarawo.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, ina tsaye a kan zugazugi, sai inuwa ta rufe bakin ƙofa ta koma. Na leƙa. Baffa ne tsaye a gindin durumin da ke gaban maƙera, ya ba ƙofar gefe, sandarsa a kafaɗa. Bai taɓa zuwa inda nake aiki ba. Tafiyar rabin yini ya yi da ƙafa. Na cire takalmi na je na durƙusa nesa da shi kaɗan, na gaishe shi, ya amsa yana kallon dutse. Na tambayi shanu, na tambayi mutanen gida. Ban tambayi matata ba, ko da yake tana can wajensu tana wankan haihuwarmu ta fari, domin wannan ma ba a tambaya.

Na fara jin zafin ƙasa a gwiwata. Sa'an nan ya ce, "An ce an riƙe wani ƙarfe a nan."

Na ce, "Haka ne, Baffa."

"An duba shi?"

"An duba."

Maganar tana bakina. Na san kalmomin, na riga na faɗa wa ɗansa su. Amma in ce wa wannan dattijo bijiminsa ya tafi a banza, an cuce shi, kuma ni surukinsa na hana shi kayansa bayan ya tako da ƙafarsa, sai harshena ya yi nauyi kamar masaba. Abin da ya fito shi ne, "Ta dai tsufa, Baffa. Sai ana lallaɓa ta."

Ya ce, "Mu ma mun tsufa, ana kuwa lallaɓa mu."

Ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. Na tashi na shiga, na buɗe akwatin Kawu, na ɗauko sakatar, na share sauran tozalin da ke jikinta, na kawo masa da hannu biyu. Ya sa a aljihu, ya ce Allah ya yi albarka, ya juya. Na bi shi da ido har ya shige tsakanin itatuwan dabino.

Ranar ban iya komawa kan wuta ba. Bayan azahar na zauna a zaure na rubuta masa takarda. Abin da baki ya kasa, alƙalami bai ji kunyarsa ba, na rubuta komai a fili. Niyyata in ba masu kawo nono ranar kasuwa su kai wa limamin ƙauyen da ke kusa da rugar, ya karanta masa. Saura kwana huɗu kasuwa ta ci. Na sha tambayar kaina me ya hana ni ɗaukar takardar in bi bayansa a ranar. Na ce wa raina ba a ganin miji yana zarya gidan surukai matarsa na wanka. Na ce harsashin da ya rage kaɗan ne, Baffa ba zai bari a ɓarnatar ba. Na ce kwana huɗu ba wani abu ba ne. Na naɗe takardar na sa a gafaka.

A kwana na uku damisar ta fito da la'asar sakaliya, ta kwanta a kan wani falalen dutse tana kallon maruƙa. Fillo ne ya hango ta, shi ne kuma mai harbin gidan. Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar ba irin ta kullum ba ce. Kwanson ya tsinke daga gindi, haƙorin ya ɓalle, wuta da gutsattsarin tagulla suka komo masa a fuska. Sakatar ba ta fita duka ba, da ta fita da ba a ɗauke shi da rai ba.

Labari ya iske ni da safe ina alwala. A ranar na yi tafiyar da na ce ba ta kamata ba, ban kuma ga wanda ya ce na yi rashin kunya ba. Na same shi a kwance a bukka, an ɗaure masa fuska da farin ƙyalle, matarsa tana korar ƙudaje. Na durƙusa na ce, "Fillo, sannu." Ya juyo da kai wajen muryata. Ya ce, "Malam ne? Sannu da zuwa, Malam. An gode."

Bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar.

Idon dama ya tafi nan take. Na hagu ya riƙa ganin haske da inuwa har kaka, daga nan shi ma ya rufe. Ba a kai shi ko'ina ba, saboda bindigar ta ɓoye ce, aka yi ta maganin gida. Mutane suka ce ƙaddara, gaskiya ne kuwa, babu abin da ke samun bawa sai da sanin Ubangijinsa. Amma ni na san ta hannun wa ƙaddarar ta biyo. Baffa bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Na ji an ce duk wanda ya tambaye shi yakan ce shi ya karɓo ta da hannunsa. Ya jefa bindigar a tsohuwar rijiya. Damina biyu bayan nan murar nan ta ɗauke shi, ban ce masa komai ba, shi ma bai ce mini ba.

Na ba wani ɗan'uwan Kawu kayan aikin, na koma zaure gaba ɗaya. Takardar tana cikin gafakata, a bayan littafin da nake karantawa kullum. Na gaya wa matata gaskiya bayan ta dawo, ina kuka. Ta saurare ni har na gama, tana jijjiga yaro a cinya. Ta ce, "Ba ni za ka gaya wa ba, Malam." Ba ta ƙara ba, ba ta kuma canja mini fuska ba har muka rabu.

Fillo ya koma tufka igiya. Yakan zauna a bakin garke da rama a ɗaure a babban yatsan ƙafarsa, in saniya ta yi kuka ya faɗi wacce ce, da wacce ta haife ta. Ina zuwa duk sallah, ina kai masa goro da dabino da riga. Yakan karɓa da hannu biyu, ya tambayi karatu, ya tambayi Addarsa, wato matata, ya yi mini addu'a. Ladabin nan nasa ya fi mini zagi ciwo. Na ɗauka hukuncinsa ke nan a kaina, ya cire ni daga abokan wasansa ya mai da ni baƙo, na kuma ga ya yi daidai. Sau da yawa nakan je da takardar a aljihu, in dawo da ita. Haka muka yi shekara goma sha tara.

Da matata ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, wata rana da rana tsaka ina yi mata fifita, ta ce, "Akwai bashin yaron nan a wuyanka. Kada ka bari ku ma ƙasa ta raba ku kamar yadda ta raba ka da Baffa." Tana ce masa yaro ko da ya yi furfura. Kwana shida bayan nan muka kai ta. Allah ya haskaka kabarinta.

Fillo ya zo zaman makoki, ya kwana uku a ɗakin baƙi. Ranar da za su koma, da hantsi, mutanen ruga suna ɗaure kaya, na ce su yi gaba zan rako shi. Na kama bakin sandarsa na kai shi zaure, na zaunar da shi a kan buzun mahaifina.

Na ce, "Akwai takardar da na rubuta wa Baffa, ban aika ba. Ina so ka ji ta."

Ya ce, "To, Malam."

Ta yi ja saboda tsufa, ta karye a wajen naɗin. Na karanta: "Bayan gaisuwa da girmamawa, zuwa ga Baffa. Ina sanar da ku bindigar nan ta mutu. Haƙorinta ɗaya ya tsage, ɗayan ba ya kamawa. Duk wanda ya harba ta, wuta za ta komo masa a fuska. Don girman Allah kada kowa ya sake taɓa kunamarta. Na kasa faɗa muku da baki saboda kunya. A gafarce ni."

Na gaya masa ranar da na rubuta ta, da abin da na ce wa Baffa a gindin durumi, da yadda na share tozalin da hannuna na miƙa. Na ce na sani sarai, ba zato nake yi ba. Na ce idonsa yana wuyana, ya yi mini abin da ya ga dama.

Ya saurare ni har na gama. Yana ta shafa gashin buzun da tafin hannu.

Sa'an nan ya ce, "Ka san abin da ya kawo Baffa Dutse ranar?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ne. Da na koma ya tambaye ni ina ƙarfen, na ce Kaɗo ya ga abu mai kyau ya riƙe, wai ta mutu. Ina dariya na faɗa. Baffa bai san wasa ba, ka san shi. Ya ɗauka da gaske surukinsa ya raina shi. Kai ka ce mini ta mutu, ka nuna mini tsagar, na gan ta da idon nan. Da na kai maganar yadda ka ba ni ita, da bai taka ƙofarka ba."

Na ce, "To me ya sa ka daina tsokanata?"

"Wasan ne ya ci mini ido. Duk lokacin da na ji muryarka, tsokana takan zo mini har baki, sai in tuna, in haɗiye. Na ɗauka kai ma kana jin haushina, na sa ka bar sana'ar kawunka. Kana zuwa kana yi mini sannu kamar mai gaida hakimi."

Muka zauna muna kuka, tsofaffi biyu, a zauren da aka gama karɓar gaisuwar 'yar'uwarsa. Na tuna sallolin shekarun nan goma sha tara da muka yi muna miƙa wa juna goro da hannu biyu. Ita da ta fi kowa son ta ji mun yi dariya, kwana uku kacal ta rasa.

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe, duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini."

Na ce na yafe.

Ya miƙo hannu, kamar yadda mahaifinsa ya taɓa miƙowa. "Ba ni takardar. Ta Baffa ce, ni ne magajinsa."

Na sa masa a tafi. Ya bi gefenta da yatsa, ya tsaya inda na taɓa yanko ƙananan da na gwada sakatar da su, domin daga jikin takardar nan na yanke su kafin in yi rubutu a kanta. Ya naɗe ta a hankali ya tura cikin hularsa, ya mayar a ka. Ya laluba sandarsa ya miƙe, ya share fuska da hannun riga.

"Shekara goma sha tara takarda tana hanya daga Dutse zuwa ruga," in ji shi. "Ko jakin Baffa mai ƙafa uku ya fi ka sauri, Kaɗo."

Rabon da ya kira ni da sunan nan, shekara goma sha tara. Na kama bakin sandar na yi gaba, yana biye da ni, muka fita hanyar Jahun.